Juma'ar da Ramatu Ta Ɓace a Kasuwar Dutsi

Gaya, 9 ga Maris 2022

Yaya Sadiƙu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Lubna da yara. Ya ƙafar Gwaggo? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara, da aikin haihuwa da ba ya ƙarewa.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran salula. In na kira ba za ka bar ni in kai ƙarshen magana ba, ka san halinka. Shi ya sa na ba Zaidu direba takardar nan, ka zauna ka karanta.

Makon jiya aka kawo mana wata Bafillata cikin naƙuda, sunanta Baturiya, sun zo rani da shanu nan kusa da gulbi. Ni na karɓi haihuwarta. Ta sha wuya, sai muka riƙe ta kwana uku. Da ta ji harshena irin na ƙasar Arewa ta ce, "Ke Ba'ariya ce?" Na ce mata daga Dogon Dutsi nake. Sai ta kau da kai ta ce, "Garin da babu wanda ya sake taka shi a gidanmu."

Na tambaye ta dalili. Ta ce tana ƙarama, uwarta Hannatu ta kai nono kasuwar Juma'a, ta tsinci wata yarinya tana kuka tsakanin masu gishiri. Ta goya ta, ta zaga kasuwa da ita tana tambaya har aka watse, ba wanda ya ce tasa ce. Ta tafi da ita rugarsu bayan dutse. Da safe ubanta Dauda ya ɗora yarinyar a jaki zai mayar da ita gari, sai jandarma suka tare shi a hanya. Wani yaro ya rantse cewa da idonsa ya ga Dauda ya toshe mata baki ya sungume ta. Wata bakwai ya yi a kaso. Shanunsa suka ƙare wajen neman a sake shi. Ya fito yana tari, bai sake zama mutum ba.

Yaya, shekarata shida ranar, amma ban manta ba. Baba ya ce ka riƙe ni har ya gama cinikin ragon layya. Ka ja ni wurin mai wasa da kura, ka ce in tsaya nan, ka kutsa cikin taro. Kura ta yi kuka, mutane suka yi baya, na ruga. Da na waiwaya ba na ganin komai sai riguna da ƙafafu. Na yi ta kiran sunanka har muryata ta dushe. Wani ya taka mini takalmi ya tsinke, na riƙe shi a hannu ina tafiya ban san inda za ni ba. Matar nan ta durƙusa ta share mini majina da bakin zanenta, ta dama mini fura a ƙwaryarta. Ba wanda ya toshe mini baki.

Na faɗi haka a gida. Aka ce asiri suka zuba mini a nono, shi ya sa nake yabon su. Aka kai ni wurin kaka a garin Kore Mairuwa, aka hana a yi zancen gabana. Na girma da cewa ɓarayin yara na kuɓuce wa. Ku kuma kuka maida abin wasa, ko ranar bikina sai da ka tashi gaban dangin mijina ka ba da labarin "Ramatu 'yar Fillo" ana ta dariya.

Wane yaro ne ya rantse? Abin da nake tambaya ke nan. Ka ba ni amsa a rubuce.

Ƙanwarka,
Ramatu

Dogon Dutsi, 20 ga Afrilu 2022

Ramatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ya azumi? Ƙafar Gwaggo da sauƙi, tana fita har ƙofar gida. Tun da kin tambaya na faɗa miki, ko da yake na san ba don ita kika rubuto ba.

Takardarki ta yi mako biyu a shago ƙarƙashin buhun kanwa kafin in iya sake ɗaukarta. Shekara biyu ba ki leƙo Dutsi ba. An yi sunan 'yata Fadila ba ki zo ba, kika ce aiki. Sai yau kika sami lokacin cika takarda gaba da baya don ki titsiye ni kamar ina gaban alƙali. Ni ɗan baffanki ne, ɗaki ɗaya muka tashi, na girme ki da shekara shida. Ko a lakwal, makarantar bokon taku, aka koya muku cewa haka ake yi wa yaya magana?

Ke fura kika tuna. Bari in gaya miki abin da ni na tuna. Na tuna Inna, uwarki, ta yanke jiki ta faɗi gaban rumfar mahauta ana yayyafa mata ruwa. Na tuna an leƙa rijiya uku. Na tuna wata tsohuwa tana cewa doguwa ce ta ɗauke ki, a nemo baƙar akuya. Na tuna Baffa ya shigar da ni zaure, ya sa sakata, ya ɗauko igiyar da ya sayo don rago ya ninka ta biyu. Shekarata goma sha biyu, ubana ya mutu, a gidanku nake cin tuwo. Ke kina can ana dama miki fura.

Kin ji magana bakin wata mata da ba ki taɓa gani ba, wadda ita ma ji ta yi, kin hau kai kin zauna. Wa ya gaya miki duk abin da ta faɗa haka yake? Abin shekara ashirin da bakwai. Na faɗi abin da na faɗa, manya suka yi abin da suka yi. Ba ni na je birgad wurin jandarma na kai ƙara ba, ba ni na sa hannu a takarda ba. In amsa kike so, ki je ki tambayi wanda ya sa hannun, kin san inda yake kwance.

Kuma ki tuna da abin da nake ci da shi. Maganin dabbobi da kanwa da dusa nake sayarwa, a cikin mutum goma da ke tsayawa shagona takwas Fulani ne. Ki yi hankali da wanda kike ba wannan labari.

A gaida maigidan da su Hakim.

Sadiƙu

Gaya, 8 ga Mayu 2022

Yaya Sadiƙu,

Barka da sallah. Muna lafiya, Hakim ya yi zazzaɓi amma ya warware.

Kabarin Baba ka tura ni? Mutumin da ya ɗauke ka kana maraya, ya sa ka lakwal, ya kafa maka shagon da kake tsoron rasawa, yau shi kake jingina wa laifinka don ba ya iya tashi ya amsa? Na karanta layin nan sau uku. Baba ya sa hannu ne a kan abin da aka gaya masa. Wa ya gaya masa?

"Na faɗi abin da na faɗa." Ban tambaye ka ko ka yi magana ba. Na tambaye ka ko ka gani. Ka zagaya ta rijiya, ka zagaya ta akuya, ba ka ce ka gani ba. To na gane.

Igiyar Baba na san ta, ni ma ta taɓa ni. Ban ce yaro ɗan sha biyu ba ya jin tsoro ba. Amma ba ka tsaya a sha biyu ba, Yaya. Ka kai ashirin, ka kai talatin, ka yi gemu, kana jan sallah in liman ba ya nan. Duk shekarun nan bakinka bai buɗe ba sai in za ka ba mutane dariya da sunana.

Baturiya ta ce ubanta ya rasu, amma uwarta tana nan da rai wajen Dumega, ta tsufa. Kana da babur, kana da masu ciniki a kowace ruga. Ka nemo mini inda take. In ba za ka iya ba ka faɗa, in ɗauki hutu in zo in bi rugage da ƙafata ina tambaya, kowa ya ji dalili.

Ramatu

Dogon Dutsi, 3 ga Yuni 2022

Ramatu,

Gaisuwa. Kowa lafiya, an yi ruwan shuka shekaranjiya. Zaidu ya riga ya tada mota, a tsaye nake rubutu.

Ban zagi Baffa ba, kada ki sake sa mini wannan a baki.

Na je Dumega ranar Talata. Na sami rugar, na tambayi Hannatu. Ban same ta ba, ta tafi, kwana tara ke nan. Sauran magana sai na zauna.

Sadiƙu

Gaya, 7 ga Yuni 2022

Sadiƙu,

Ina fata mutanen gida suna lafiya. Ni ba ni da ita.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana tara. Tun watan Maris na rubuto maka. Ka danne takardata ƙarƙashin buhu, ka tsaya kana auna ladabina, kana ƙirga Fulanin da ke tsayawa shagonka, har matar nan ta mutu ana ce da ita matar ɓarawon yara. Da ka tashi ranar da ka karanta, da ka same ta. Da na same ta. Kuma ka aiko mini da mutuwarta a layi ɗaya tsakanin ruwan shuka da motar Zaidu.

Na rufe kaina a ɗakin magani na yi kuka har wata abokiyar aikina ta ƙwanƙwasa. Jiya na sa an yi waina an raba sadaka, an yi mata addu'a a masallacin unguwarmu. Abin da ya rage mini ke nan.

Ka sami abin da kake so, babu sauran mai ƙaryata ka sai ni. Kada ka kira ni, na toshe lambarka. Gwaggo da Lubna ba su yi mini komai ba, zan riƙa gaishe su ta bakin Zaidu.

Ramatu

Dogon Dutsi, 28 ga Yuni 2022

Ramatu,

Sallama. Muna lafiya, hatsi ya fito, ana noman fari.

Wa ya ce miki ta mutu? Cewa na yi ta tafi. Ta tafi, da ƙafarta, a kan amalanke, ita da ɗanta Sallau da shanunsu. Gonaki sun rufe Dumega, sai suka kora shanu arewa wajen Matankari kamar kowace damina. Ke mai ilimi, kin karanta kalma biyu kin kashe tsohuwa, kin yi mata sadakar waina, kin cire mini "Yaya" daga kan takarda. Na kira ki sau goma sha ɗaya. Da kin buɗe lambata kin ɗauka sau ɗaya da ba ki kwana ashirin kina makokin mai rai ba. Haushin da na ji har Lubna ta ɗauke kwanon abinci daga gabana.

Yanzu ki karanta a hankali, kada ki sake binne wani.

Ban gani ba. Ga amsarki. Ban ga kowa ya ɗauke ki ba. Ina can gaban taro ina kallon kura, da na juyo ba ki nan. A zaure Baffa ya ɗaga igiya ya ce, "Ina kab bar ta?" Na ce ban bar ki ba, ƙwace ki aka yi. Ya ce wa. Da safen nan na ga wani dogon Bafillace da malfa a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, sai na ce shi. Igiyar ta sauka ƙasa, ba a taɓa ni ba. Washegari aka kai ni birgad aka nuna mini Dauda zaune a ƙasa, hannu a ɗaure. Ba shi ne mai malfar ba ma. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ka san ni?" Na ce shi ne. Abin da na rubuta game da Baffa ba zagi ba ne: bayan wata biyu na je zan faɗa masa, ya ce, "Rufe bakinka, magana ta wuce hannunmu." Ya gane, Ramatu. Ki yi da wannan yadda kika ga dama.

Ranar Asabar na rufe shago na bi su. Sau biyu babur ya kafe a laka. Na same su a wani fako gabas da Matankari. Sallau ya san ni, ya sha sayen allurar shanu wurina, har ya shimfiɗa mini buzu. Hannatu tana zaune bakin bukka, ta rame, ido ɗaya ya yi fari. Na ajiye sukari da shayi da turmin atamfa, na tsuguna na faɗa mata duka.

Sallau ya miƙe ya ɗauki sandarsa. Ta ce masa da Fillanci ya zauna. Ta juyo gare ni. Sannan ta ce, "Ɗiyar ta rayu?"

Na ce kin rayu, kin yi aure, ke ce ma ungozomar da ta karɓi haihuwar Baturiya a Gaya.

Ta ce, "Baturiya ta ba ni labarin wata likita mai kirki. Ba ta ce mini ita ce ba."

Kin ji? Kwana uku matar nan tana kwance gabanki, ta ba ki labarin ubanta, kika gyara mata zane kika sallame ta ba ki ce mata uffan ba. Sannan kika zauna kika rubuto mini wa'azi a kan masu rufe baki.

Na roƙi Hannatu gafara. Ta ce, "Ba ni anka ɗaure ba. Wanda za ka roƙa ya shekara goma sha ɗaya cikin ƙasa. Yana tari yana cewa, ni dai in san mi na yi ma yaron nan." Ta tura mini kayan da ƙafa ta ce in kwashe. Ta ce an hana Sallau mata har sau biyu saboda sunan ubansa, ta ce jikokinta in sun yi faɗa da yara wajen rijiya da shi ake zaginsu. Ta ce, "Cikin kasuwa anka ce mijina ɓarawo ne. Nan kuwa ba kowa sai shanu. In kana da magana, ka kai ta inda akwai kunnuwa."

Juma'ar nan kasuwar raguna ce, kowa zai zo. Na gaya wa sarkin kara ina da magana bayan an sauko daga masallaci. Lubna ta ce in bari sai bayan sallah, in kwashe cinikin layya tukuna. Gwaggo ta ce zan tone wa mamaci asiri. Sallau ya ce zai zo ya ji da kunnensa, bai ce zai bar sandar a gida ba.

Ba don ke zan yi ba, kada ki ɗauka kin ci nasara.

Yayanki, ko kin rubuta ko ba ki rubuta ba,
Sadiƙu

Gaya, 3 ga Yuli 2022

Yaya Sadiƙu,

Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo da Lubna. Muna lafiya. Ya bakin naka? An ce ya kumbura.

Takardarka ba ta iso ni ba sai jiya Asabar, motar Zaidu ta kwana biyu a gareji a Doso. Shi ya kawo ta, shi kuma ya ba ni labarin Juma'a, don ƙanensa yana wurin. Ya ce ka hau kan amalanke a tsakiyar kara, muryarka ba ta fita, sai da sarkin kara ya tsawata aka yi shiru. Ya ce ka kira sunan Dauda sau uku, ka ce bai saci kowa ba, kai ka yi masa ƙarya. Wasu suka yi dariya, wani dillali ya ce a sauko da kai rana ta taɓa ka. Ya ce Sallau ya ratso taro ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya mare ka sau ɗaya, ka faɗo, ka tashi ba ka rama ba. Sannan ya juya ya maimaita maganarka da Fillanci da ƙarfi don nasu su ji. Ya ce har aka tashi kasuwa mutum biyu kaɗai suka tsaya shagonka. Ya ce kuma ba ka ambaci Baba ba.

Ban san abin da zan yi da maganar Baba ba. Na so in ce ƙarya kake. Na tuna yadda yake tashi ya bar wurin duk lokacin da ka fara labarin 'yar Fillo. Mu bar shi nan tukuna, ba zan iya rubuta shi ba.

Abin da ka faɗa a kaina gaskiya ne, kuma na ji haushin da ya zama daga bakinka ya fito. Sau biyu na tsaya bakin gadon Baturiya zan ce mata ni ce. Na dubi jaririn, na dubi fuskarta, na ce tana jin jiki, sai gobe. Ranar da goben ta zo na ce wa wata ta sallame ta, ni na shige ɗakin awo na rufe ƙofa. Shekarata talatin da uku, ba mai igiya a kaina.

Kada ka ɗauka na huce. Mari ɗaya ka sha, shi wata bakwai ya yi. Wainar da na raba kuwa ba ta ɓaci ba, na ce Allah ya kai ladar kabarin Dauda.

Na sami hutun kwana huɗu. Zan sauka tashar Dutsi ranar Alhamis wajen azahar. Kada ka sayi sukari ko atamfa, ni ma ba zan riƙo komai ba. Ka tambayi Sallau ko sun tashi daga fakon nan, ka tambaye shi kuma ko uwarsa ta yarda in zo. In ta ce a'a, ka kai ni duk da haka, in tsaya nesa inda shanu suke har ta aiko ko rana ta faɗi.

Na buɗe lambarka, amma kada ka kira. Ka zuba mai a babur. A hanya kada ka yi mini magana sai na fara.

Ƙanwarka,
Ramatu